TEKU BA NA MUTANEN KUDU KAƊAI BA NE

Duk wanda ya yi sammako ya shiga Kasuwar Muda Lawal ta garin Bauchi zai tarar da manyan motoci sun ja layi ana sauke kaya, 'yan dako suna kai da kawowa, dillalai kuwa suna ta ɗaga murya kamar faɗa ake yi, alhali ciniki ne kawai. Ga doya daga wajen Binuwai da Taraba, ga lemo da ayaba da abarba, ga manja da garin rogo daga Kurmi. Can gefe kuma ga albasa da tumatir da tattasai da kankana, waɗansu a nan za a cinye su, waɗansu kuwa sai sun kwana biyu a hanya kafin su ga mai saye. In aka tsai da mutanen da ke cikin wannan hayaniya aka tambaye su wa ya taɓa ganin teku da idonsa, ba za a sami masu amsawa da yawa ba, sai fa direbobi da yaran mota da 'yan ci-rani da suka komo gida.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Daga Bauchi zuwa bakin teku, ko tsuntsu ne ya miƙe bai karkata ba, sai ya yi fiye da kilomita 600. A mota zuwa Ikko kuwa tafiyar ta haura kilomita 1,000. Saboda haka ne mutane da yawa a Arewa suka ɗauka zancen teku da iyakokinsa zancen mutanen Kudu ne, ba ruwan mai sayar da albasa da shi. Su kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende, da na Sabo a Badun, da na Fatakwal da Anacha, sukan ji wata magana daga bakin waɗansu masu masaukinsu in an sami saɓani, watau wai teku nasu ne, ran da suka ga dama sai su rufe ƙofa. Duka maganganun biyu kuskure ne, kuma taswirar duniya ta isa shaida.

Da farko dai, ruwan saman da manomin Dass da na Darazo suke ɗaga kai suna jira kowace shekara, daga teku yake fitowa. Iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma ita ce ke ɗauko hadari, ta fara zubarwa a Kalaba da Wari, sa'an nan ta hauro sannu a hankali, shi ya sa damina take daɗewa a Kudu ta gajarta a Arewa. In ta ja da baya sai iskar hamada ta maye gurbinta, hunturu ya kama. Ruwan da ya sauka a Jihar Bauchi ma gida biyu yake rabuwa. Na Kogin Gongola yakan faɗa Binuwai a Numan, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, ya koma tekun da ya fito. Na Kogin Jama'are kuwa gabas yake nufa, ya bi ta Yobe ya ƙare wajen Tafkin Cadi.

Sa'an nan a dubi kayan kasuwa. Alkamar da ake yin burodin mai shayi, da kifin ƙanƙara, da babur ɗin da ya kawo mai cefane, da tayar motar da ta ɗauko doya, da sinadarin da ake kawowa daga Maroko a haɗa takin zamani, akasarinsu a jirgin ruwa suka shigo. Riɗin da ake nomawa a Bauchi da Jigawa, wanda ake matsa mansa a Japan da Turkiyya, da zoɓon da ake sha a Meziko, su ma ta bakin teku suke fita.

A zamanin da, Arewa ba Kudu take fuskanta ba. Hamada ce tekunta, raƙumi ne jirginta, Agadas da Gat da Gadamas su ne tasoshinta har ayari ya kai Tarabulus. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 sai al'amari ya juya, gyaɗa da auduga da fata suka koma bin hanyar Ikko. Shugabannin Arewa na farko sun gane abin da wannan yake nufi sarai. A taron tsarin mulki da aka yi a London a 1953, Jam'iyyar Action Group ta nace a bar Ikko cikin Jihar Yamma, wakilan Arewa kuwa suka tsaya kai da fata sai an ware ta ta zama ta Tarayya, domin ba su yarda ƙofar da kayansu ke fita ta zauna a hannun jiha guda ba. Haka kuwa aka yi a 1954. Mutumin da ya riƙe ma'aikatar sufuri lokacin da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki a 1955 ɗan Bauchi ne, watau marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har Amurka ya je a shekarar nan ya ga yadda ake sufuri a Kogin Misisipi don a gwada irinsa a Kwara da Binuwai.

BAUCHI DA MARAƊI

Wanda yake son ya san darajar teku ba sai ya je nesa ba, ya dubi Maraɗi. Mutanen Maraɗi Katsinawa ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ba ta yanke ba. Abin da ya raba su da 'yan'uwansu na Jibiya shi ne layin da Turawan Ingila da na Faransa suka yi ta ja suna gyarawa tsakanin 1898 da 1906. Layin nan ya sa Bakatsinen Jibiya ya tashi a ƙasa mai gaɓar teku ta kilomita wajen 853, Bakatsinen Maraɗi kuwa ya tashi a ƙasar da ta fi Nijeriya faɗi, murabba'in kilomita 1,267,000, amma ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku.

A lura da wani abu. Nisan da ke tsakanin Yamai da tashar jiragen ruwa ta Kwatano bai fi nisan Bauchi da Apapa ba, duka biyun kilomita dubu da 'yan kai ne. Ashe ba nisa ba ne ya bambanta su. Bambancin shi ne, kayan ɗan kasuwar Bauchi in sun sauka a Apapa sun riga sun shigo gida, kwastan ɗaya, kuɗi ɗaya, tuta ɗaya. Na ɗan kasuwar Nijar kuwa a gidan wani suka sauka, sai mai gida ya ga dama za su wuce.

An ga haka ƙuru-ƙuru har sau biyu cikin 'yan shekaru kaɗan. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, Alhazan Maraɗi suka ji a jikinsu. Wannan ma mai sauƙi ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, Binin ta rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, motoci suka yi cirko-cirko a bakin Kwara da abinci da magani a cikinsu. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma zuciya ta riga ta ɓaci, Nijar ta ci gaba da rufe nata gefen gadar, aka koma ɗauko kaya daga tashar Lome ta cikin Barkina Faso da rakiyar soja, hanya mai nisa mai haɗari, kuma talaka ne ya biya kuɗin nisan a wurin awo. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 da aka shimfiɗa daga Agadem zuwa Seme a bakin tekun Binin shi ma bai tsira ba, domin a watan Mayu 2024 Binin ta hana jirage ɗaukar man sai da Sinawa suka shiga tsakani. Ba a nan ake neman mai gaskiya tsakanin Yamai da Kwatano ba. Abin dubawa shi ne yadda ƙasa mai cikakken 'yanci, mai uraniyom da man fetur, take zama kamar mai ɗaki a ƙuryar gida wanda ba shi da hanyar fita sai ta zauren maƙwabci.

Ƙasashe 44 ne a duniya suke cikin wannan hali, 16 daga cikinsu a Afirka. Nijar da Mali da Barkina Faso, waɗanda suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025, duka ukun suna ciki. Dokar duniya ta ba irin waɗannan ƙasashe haƙƙin wucewa zuwa teku, gaskiya ne, amma ta ce sharuɗɗan wucewar sai an zauna an daidaita da mai gaɓa. Mai karatu da ya taɓa zaman haya ya san ma'anar wannan.

YADDA AKE JAN IYAKA A CIKIN RUWA

A gona, in ana so a san iyaka sai a dubi gamba ko bini-da-zugu da kakanni suka dasa, in gardama ta yi tsanani a kira mai unguwa. A teku babu inda za a kafa turke, lambobi ne kawai a bisa taswira. A da, abin da akasarin ƙasashe suka sani shi ne mil uku daga gaɓa, gwargwadon inda harsashin igwa yake kaiwa. Da aka gane akwai mai a ƙarƙashin ruwa, kifi kuma yana ƙarewa, sai kowa ya shiga miƙa hannu. Ƙasar Aisland, wadda take cikin masu aiko da busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake kira okporoko a Gabas, ta ja nata zuwa mil 12 a 1958, mil 50 a 1972, mil 200 a 1975, har jiragenta suka yi ta gogayya da na yaƙin Ingila kafin Ingila ta haƙura a 1976. Nijeriya ma ta ce mil 12 a 1967, ta mai da shi 30 a 1971, sa'an nan ta yi dokar mil 200 ta arzikin ruwa a 1978.

Wannan ja-in-ja ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara Yarjejeniyar Dokar Teku, aka sa hannu a ƙasar Jamaika ran 10 ga Disamba 1982, ta fara aiki a 1994. Ga yadda abin yake a taƙaice. Mil ɗin teku ya fi na tudu, mita 1,852 ne. Mil 12 na farko daga gaɓa, wajen kilomita 22 ke nan, ruwan ƙasa ne sosai, sai dai jirgin baƙo yana iya wucewa in ba da mugun nufi ba. Saboda wannan ne Nijeriya ta komo da nata daga 30 zuwa 12 a 1998. Daga nan har mil 200, watau kilomita 370, tafiyar da ta fi ta Bauchi zuwa Kano, hanya ta kowa ce amma kifi da mai da iskar gas na mai gaɓa ne. In kuma ƙasa ta kawo hujjar cewa doronta ya ci gaba da miƙewa a ƙarƙashin ruwa, ana iya ƙara mata abin da ke ƙasan ruwan har zuwa mil 350. Ta wannan hanya ce aka amince wa Nijeriya ƙarin murabba'in kilomita 16,300 a 2023, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

To, a nan ne taswira take yin abin mamaki. Rabo a teku ba ya bin girman ƙasa ko yawan mutanenta, siffar gaɓa da tsibirai yake bi. Kwango ta Kinshasa ta ninka Nijeriya fiye da sau biyu, amma bakin tekunta bai kai kilomita 50 ba. Ƙasar Kiribati a Tekun Fasifik tudunta duka murabba'in kilomita 811 ne, amma ruwanta ya ninka faɗin Nijeriya fiye da sau uku. Faransa tana da ruwa fiye da murabba'in kilomita miliyan 10, mafi yawansa albarkacin 'yan tsibiran da ta ƙi saki tun zamanin mulkin mallaka. Kamaru tana da gaɓa, amma tsibirin Biyoko na Ikwatoriyal Gini ya zauna mata a bakin ƙofa ya tare ta. Sawo Tome kuwa, wadda Ƙaramar Hukumar Toro kaɗai ta ninka ta fiye da sau shida, sai da Nijeriya ta zauna da ita a 2001 aka yi yarjejeniyar haƙar mai tare a inda ruwansu ya haɗu, Nijeriya kashi 60, ita kashi 40. Wani zai ce wannan ba adalci ba ne. Watakila. Amma dokar da ta ba ƙaramin tsibiri kashi 40 ita ce kuma hujjar Nijeriya a kan manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen da suka fi ta ƙarfi.

ABIN DA BAKASI TA KOYAR

Ran 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yanke hukunci cewa yankin Bakasi na Kamaru ne. Ba ta dubi waɗanda suke zaune a wurin ba, alhali mafi yawansu masunta ne 'yan Nijeriya. Takardu ta duba: yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, da wadda Janar Gowon da Shugaba Ahidjo suka sa wa hannu a Marwa a 1975 game da iyakar ruwa. Aka miƙa yankin baki ɗaya ran 14 ga Agusta 2008. Mutane da yawa a Arewa sun ɗauka wannan asarar mutanen Kalaba ce. Sun manta cewa shari'ar nan ɗaya ce ta haɗa da Darak da ƙauyuka fiye da 30 na bakin Tafkin Cadi, inda masunta da 'yan kasuwa na Arewa suka bi ruwa yana janyewa suka kafa gari, aka miƙa su a Disamba 2003. Hukuncin da ya ci Bakasi shi ne ya ci Darak. Ita kuwa Jihar Kuros Riba, a 2012 Kotun Ƙoli ta ce tun da Bakasi ta tafi ba ta sauran zama jiha mai gaɓar teku, rijiyoyin mai 76 suka tabbata a hannun Akwa Ibom.

Wannan ya kawo zancen da ya fi shafar aljihu. In an haƙo mai a cikin teku, na wa ne? Gwamnatin Gowon ta yi doka a 1971 ta ce na Tarayya ne. Tsarin mulkin 1999 ya ce a ba jihar da aka samo arziki a cikinta aƙalla kashi 13 cikin 100, sai gardama ta tashi kan inda jiha ta ƙare ta wajen ruwa. A watan Afrilu 2002 Kotun Ƙoli ta ce iyakar jiha ita ce inda ruwa yake tsayawa in ya janye, abin da ke gaba na Tarayya ne. Jihohin gaɓa suka yi kuka, aka sasanta da dokar 2004 wadda ta ce man da aka samu a inda zurfin ruwa bai wuce mita 200 ba za a lasafta shi na jihar da ke kusa. Jihohin Arewa da waɗansu na Yamma suka kai ƙara, aka kori ƙarar a 2005.

Har yau akwai masu jin haushin wannan doka a Arewa. Bai kamata ba. Mutumin da malalar mai ta kashe masa kifi ta ɓata masa rijiya, kamar yadda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna a ƙasar Ogoni, har aka ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kashi 13 bai yi masa yawa ba. Amma su ma masu cewa teku nasu ne su kaɗai, su karanta dokar har ƙarshe. Rijiyar Bonga, wadda ta fara ba da mai a 2005, tana kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Babu kakan wanda ya taɓa kafa bukka a wurin. Abin da ya sa ta zama ta Nijeriya shi ne sa hannun Nijeriya a yarjejeniyar 1982, kuma haƙƙin ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi a cikinta daidai yake da na kowace ƙaramar hukuma a Bayelsa.

MASU CEWA A RABA

Kalmar araba ba sabuwa ba ce, an ji ta a 1966. An sake jin ƙanwarta a watan Yuni 2017 lokacin da waɗansu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa, kafin manya su sa baki a janye. Mafi yawan masu irin wannan magana, Arewa da Kudu, ba su da kaya a hanya, ba su da ɗan'uwa a Mil 12. Ya kamata a nuna musu abin da ya sami waɗanda suka riga suka gwada.

Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a 2011 da mafi yawan rijiyoyin mai a hannunta, amma bututun ta Arewa ya bi zuwa Bahar Maliya. Ba a yi wata bakwai ba rigima ta tashi kan kuɗin wucewa, ta rufe rijiyoyinta da kanta a Janairu 2012, alhali kusan duk kuɗin shigar gwamnati daga man yake, ba a sake buɗewa ba sai Afrilu 2013. A 2024 kuma yaƙin da ba nata ba, na cikin Sudan, ya lalata bututun. Habasha, mai mutane fiye da miliyan 100, ta rasa gaɓarta a 1993 da Iritiriya ta ɓalle, fiye da kashi 90 cikin 100 na kayanta ta Jibuti suke bi, kuma yunƙurin da ta yi a Janairu 2024 na samun kafa a Somalilan ya kusa haɗa ta faɗa da Somaliya. Bolibiya ta rasa nata a yaƙin da aka fara a 1879. Har yanzu tana da sojan ruwa a bisa tafki, kowace 23 ga Maris tana bikin tunawa da teku, ta kai Cile ƙara Kotun Duniya ta faɗi a 2018. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Akan kawo misalin Suwizalan, a ce ga ta ba teku amma ta fi kowa kuɗi. Haka ne. Sai dai Suwizalan tana da Kogin Rayin, wanda yarjejeniyar 1868 ta buɗe wa jiragen kowa har zuwa Roterdam, maƙwabtanta masu arziki ne masu zaman lafiya, kuma agogo da magani take sayarwa, kayan da ba su da nauyi. Riɗi da shanu da albasa ba haka suke ba. Akan kuma kawo zancen man Kolmani, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Nuwamba 2022 a kan iyakar Bauchi da Gombe. Allah ya sa albarka. Amma Cadi ma tana da mai, sai da aka ja bututun kilomita 1,070 zuwa Kiribi ta Kamaru a 2003 kafin ta sayar da shi a kasuwar duniya.

Su kuma masu barazanar rufe ƙofa daga Kudu, a tuna musu cewa ƙofa ba ta da amfani in babu mai shiga. Rabin cinikin tashar jirgin ruwa na mutanen da ke bayanta ne, Kwatano ta gane haka da kayan Nijar suka koma Lome. An kuma ɗanɗana a cikin gida. Bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairu 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsai da kai kaya Kudu, aka tare motoci a Jebba. Cikin 'yan kwanaki nama da tumatir suka yi tashin gwauron zabo a Ikko. Amma a Arewa tumatir ya yi ta ruɓewa a kwando ba mai saye, manomin rani ya rasa ko kuɗin man injin ban-ruwa. Kukan da ya jawo yajin na gaskiya ne, sai dai wuƙar ba ta da ƙota, ta yanki mai riƙe da ita kamar yadda ta yanki wanda aka nufa, kafin mako ya zagayo sosai aka janye. Kasuwar Muda Lawal, wadda suna ɗaya take amsawa da ɗan ƙwallon Abekuta da ya ci wa Nijeriya ƙwallo ta uku ran da ta ɗauki kofin Afirka a Ikko a 1980, ba za ta yi kwana bakwai da rai ba in motocin Kudu suka daina zuwa, na Arewa suka daina tafiya.

Abin da ya kamata ya dami mutanen Bauchi ba wa ke da teku ba ne, wannan doka ta riga ta gama shi. Hanyar zuwa tekun ita ce matsala. Direban da ya ɗauko riɗi daga Bauchi zuwa Apapa ba ya tsallaka iyakar ƙasa ko ɗaya, amma shingayen da zai tsaya ya miƙa wani abu, na masu kaki da na 'yan haraji na jihohi da na ƙananan hukumomi, sun isa su mai da shi rabin Bamaraɗe. Alhali kuwa akwai hanyar jirgin ƙasa. Ta iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, ta bi ta Kafanchan da Makurɗi da Inugu ta sauka har bakin ruwa a Fatakwal. Shekaru da yawa ke nan rabon da jirgin kaya ya yi wannan tafiya daga farko har ƙarshe. An ƙaddamar da gyaranta a watan Maris 2021, a 2024 aka buɗe guntun da ke tsakanin Fatakwal da Aba, kilomita sittin da 'yan kai. Ta ɓangaren yamma an buɗe tashar sauke kayan jirgin ruwa ta tudu a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, inda ɗan kasuwa zai biya kwastan a kusa da gida. Arewa maso Gabas tana nan tana kallo.

Jihar Bauchi tana da sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 12 a Abuja. Sukan zo Ikko da Fatakwal su gaisa da Sarakunan Hausawa in zaɓe ya matso, mazauna Kudu kuma sukan gamu da su a gida lokacin Salla. Duk inda aka gamu, a tambaye su nawa aka sa wa layin dogo na Gabas a kasafin kuɗin bana, nawa aka saki, kuma a wace shekara jirgin kaya zai sake tashi daga tashar Bauchi ya nufi Fatakwal.